Azumin da Na Karya a Gyadi-Gyadi

Zafin bana ne ya tono mini wannan magana. Ranar Lahadin da ta wuce muna tsakiyar sujada a coci aka ɗauke wuta, fankoki suka tsaya, sai wata matashiya a bencin gabana ta shiga yi wa jaririnta fifita da gefen mayafi. Yaron yana kuka, muryarsa ta dushe. Daga nan ban ƙara jin komai a wa'azin ba. Hankalina ya koma Gyadi-Gyadi, shekarar da soja suka koma bariki, lokacin an gama zaɓe ana jiran a miƙa wa farar hula mulki.

Muna haya ne a wani gida mai ɗakuna shida, mu kaɗai ne Kirista a ciki. Ni Rifkatu, da maigidana Ishaya, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da 'ya'yanmu biyu: Talatu mai shekara biyar, da Bitrus wanda bai cika wata huɗu ba. Ɗaki biyu muka kama, rufin kwano, babu silin. Da rana ta take, in ka ɗaga hannu sama sai ka ji kamar murhu ne a kanka.

Masana'antar fata da Ishaya yake wa aiki ta rufe tun farkon shekara, sai ya koma tura kurar ruwa. Famfon unguwa ya yi watanni bai ɗiga ba. Kullum da sassafe zai ɗaure jarkoki ya nufi wata rijiyar burtsatse a wajen Darmanawa, ya bi layi, ya turo zuwa Tarauni ya sayar. Jarka ɗaya yake rage mana. Da ita za a sha, a yi girki, a yi wa yara wanka. Ruwan wankan yara shi ne na wanki, na wanki kuma shi ake yayyafawa a tsakar ɗaki don ƙasa ta ɗan huce. Kananzir ya yi ɓatan dabo. Inna ce take zuwa wurin kafintoci a Unguwa Uku ta ɗebo garin katako a buhu, mu danna a gwangwani mu hura. Hayaƙinsa yana sa ido ruwa, amma yana dafa tuwo. Tuwon dawa ne da miyar kuka, yawanci sau ɗaya a rana, da safe kuma kunu. Yanzu jikokina suna buɗe firji su ce ruwan bai yi sanyi ba. Mu a lokacin randar Inna ce firjinmu, ita ma kafin la'asar ruwanta ya yi ɗumi.

Ni 'yar mai bishara ce. A gidan da aka haife ni ba a fara cin abinci sai an yi addu'a, ba a kwanciya sai an yi karatu. Ina koyar da yara a coci, a zumuntar mata kuma ni ake nema in an rasa amsa. Da a lokacin wani ya tambaye ni mece ce bangaskiya, da na ba shi amsa tun kafin ya rufe baki: ka roƙa ba tare da shakka ba, za a ba ka. Haka na koya, haka nake koyarwa. Inna kuwa ba ta iya karatu ba. Cikin Maguzawa ta tashi, sai da ta manyanta ta karɓi Almasihu. Addu'arta gajeriya ce, wani lokaci ma kamar mita take yi. A raina ina ganin na fi ta sanin Allah.

A shekarar Babbar Sallah da Ista, bikin tashin Almasihu, sun zo kusa da juna, mako guda ne tsakaninsu. Ana saura kwana uku Sallah Talatu ta tashi da zazzaɓi. Mura, tari, idanu suka yi ja suna ruwa. Ranar Sallah maƙwabta suka yi ta aiko mana da naman layya, ƙamshin suya ya cika gidan, yarinyar da ta yi wata biyu tana tambayar nama ta kawar da kai. Da yamma na ga ƙuraje a bayan kunnenta.

A ɗakin da ke kallon namu akwai Sista Hadiza, nas ce a babban asibitin koyarwa, mijinta yana aiki a wani gari. Tana da 'ya mai wata bakwai, Ummi. Ta shigo, ta buɗe bakin Talatu ta duba, ta ɗaga mata riga.

"Maman Bitrus, ƙyanda ce. An yi mata rigakafi?"

Na ce ba a yi ba. A ƙauye na haife ta, da muka zo birni kuma na yi ta cewa gobe.

"To, ba lokacin faɗa ba ne," in ji ta. "Ki riƙa ba ta ruwa, ko cokali-cokali ne. Ki nisanta jaririn da ita. In kika ga numfashinta ya fara sauri, ko haƙarƙarinta yana shiga ciki, kada ki jira kowa, asibiti."

Washegari na durƙusa a gaban gado na yi alkawari. Na ce, ya Ubangiji, zan yi azumi daga yau har safiyar Ista. Ba zan ci komai ba, ruwa ma sai rana ta faɗi. Kai kuma ka tashe mini yarinyar nan. Da na miƙe sai na ji zuciyata ta yi sanyi, kamar wanda ya gama magana da babban mutum aka ce masa ya je an gama.

Inna ta ga ban taɓa kunu ba. Ta ce, "'Yar nan, mai shayarwa ce ke fa."

Na ce, "Inna, Allah zai riƙe ni."

Ta dube ni, ta ɗauke kwanon kunun.

Ranar Talata numfashin ya canza. Na gani da idona, haƙarƙarin yana shiga yana fita. Sista Hadiza ta tafi aiki. Ishaya ya dawo da azahar, ƙafafunsa sun yi furu-furu, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa. Ya ce mu tafi. Na ce mu ba Allah kwana ɗaya, kai ta asibiti yanzu kamar nuna shakka ne. Gaskiya ne hannunmu babu komai, shi ma ya san haka, amma ba wannan ne ya sa na faɗi abin da na faɗa ba. Wannan kwana ɗayan har yau ina ɗauke da shi.

Sista Hadiza ta kwana a wurin aiki, sai washegari da rana ta dawo. Da ta ga yarinyar, ko mayafinta ba ta cire ba. Ta ce, "Innalillahi. Tun yaushe take haka?" Ita ta saɓa ta a kafaɗa. Babu mai a gari, motoci sun yi layi a gidajen mai tun daga titi har cikin lungu, don haka da ƙafa muka tafi. Asibitin ba shi da nisa da mu, amma a ranar na ga tsawon hanyar nan. Kwalta tana manne wa silifas.

Ɗakin yara a cike yake, duk ƙyanda. Aka sama mata gado, aka sa mata ƙarin ruwa, aka sa mata robar iska a hanci. Likita ya ce ciwon ya sauka a huhu. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ni ce nake wuni a wurinta, Inna tana gida da Bitrus, sai in riƙa komawa ina ba shi nono in dawo. Sau uku a rana nake wannan tafiya, cikin rana, babu komai a cikina. Leɓena ya tsage. In na miƙe tsaye sai in ga duhu. Amma ina jin wani irin ƙarfi a raina, ina cewa Allah yana gani, yana ganin abin da nake yi.

Ranar Alhamis da hantsi na koma gida na tarar da Bitrus yana kuka, irin kukan da babu hawaye. Na sa shi a nono. Ya ja, ya ja, ya saki ya ƙwala ihu. Na juya shi ɗaya gefen, haka. Na matsa da hannuna, ko ɗigo. Maɗigar kansa ta faɗa ciki. Inna ta ce tun safe bai jiƙa tsumma ba.

Ta fita, ta dawo da kwanon kunu da ɗan soyayyen naman layya da ta ɓoye. Ta ajiye a gabana.

"Sha."

"Inna, na yi alkawari. Saura kwana uku."

"Wannan ba zai kai kwana uku ba. Sha."

"In na karya, Talatu fa?"

Ban taɓa kiran sunan yarinyar a gaban Inna ba, 'yar fari ce, akwai kunya. Ranar ya fito da kansa. Inna ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta ɗauki kwanon ta kai mini baki kamar ƙaramar yarinya. Ina kuka ina sha. Kunun gero ne da tsamiya, ba sukari. Na shanye, na ci naman, na sha ruwa kofi uku. Kafin yamma nono ya fara dawowa, Bitrus ya sha ya yi barci.

Washegari, Juma'a, bayan la'asar, Talatu ta cika. Ina riƙe da ƙafarta. Ba ta yi magana ba, numfashin ne ya yi ta raguwa har ya tsaya. Ranar ce ake tunawa da gicciye Ubangijinmu, kuma mutane da dama sun ce mini akwai ma'ana a cikin haka. Ban so jin wannan ba a lokacin. Ranar Asabar aka kai ta makabartar Kirista can ɗaya gefen gari, a bayan wata a-kori-kura da mai gidan da muke haya, Alhaji, ya nemo ya zuba mata man da ya ajiye don kansa. Ƙasa ta yi tauri, sai da maza suka yi ta karɓa-karɓa da diga.

Ranar Lahadi Ista. Ishaya ya tafi coci shi kaɗai. Ni ina kwance ina kallon kwanon rufi.

Abu ɗaya ne yake yawo a kaina: na karya, ta mutu. Na sha kunu ranar Alhamis, an ɗauke ta ranar Juma'a. In na kori wannan tunanin sai ɗaya ya zo, na kwanan da na hana a kai ta asibiti. Ta ko'ina ni ce. Kuma a ƙarƙashin wannan akwai wani abu da na ji tsoron in kalla: wane irin Allah ne zai ɗauki yarinya saboda kwanon kunu? Na daina addu'a. In Ishaya ya ce mu yi, sai in rufe ido in yi shiru. Matan zumunta sun zo daga Sabon Gari, suka yi waƙa, suka ce in yi haƙuri, nufin Allah ne. Na ce na gode. Irin maganganun da ni ma na sha faɗa wa wasu ne, na san inda kowace take farawa da inda take ƙarewa.

Aikin gida bai tsaya ba. Ishaya ya koma kan kura kwana uku bayan jana'iza. Zafi ya ƙaru. Iska in ta taso sai ka ji kamar daga bakin tanda ta fito. Ƙurajen zafi suka feso wa Bitrus a wuya. Rediyon Alhaji kullum maganar sabuwar gwamnati yake, za a samu mai, za a samu wuta, za a samu ruwa. Ina jin su kamar ana magana a wata ƙasa.

Wata rana da yamma ina danna garin katako a gwangwani, Inna tana tsince wake a faifai. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Kin daina yi masa magana."

Na ce, "Wa?"

"Kin san wa."

Sai kawai na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Inna, ke kika ba ni kunun nan. Da na cika alkawarina da tana nan."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Na zaci za ta yi fushi. Ta ajiye faifan.

"Kafin Ishaya na haifi uku," in ji ta. "Kin san wannan. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da na yanka. Na farko da ya kwanta, aka ce jan zakara a gindin tsamiya. Na kai. Ya mutu, aka ce zakaran yana da farin gashi a fiffike, ban duba da kyau ba. Ta biyu aka ce baƙin bunsuru. Na kai. Ta mutu, aka ce na waiwaya a hanyar dawowa. Na uku ban ma tuna me aka ce na yi ba. Kullum akwai abin da na rage. Kullum ni ce."

Ta ɗauki wani ƙwaro daga cikin waken ta yar.

"Da mai bishara ya zo garinmu, ba maganar sama ce ta kama ni ba. Ni me na sani game da sama? Cewa ya yi wannan Allahn ba a sayen ɗa a wurinsa. Ya ce shi ma yana da Ɗa, an kashe shi yana gani. Na ce, to, wannan ya san abin da ke cikina. Shi na bi. Ke kuma da karatunki, sai na ga kin ɗauke shi kin kai gindin tsamiya."

Na ce, "To me ya sa bai tashe ta ba?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Bayan na bi shi ma na binne mijina. Abin da na sani, ba kunu ne ya kashe ta ba, kuma kunu ne ya raya wancan." Ta nuna Bitrus da haɓa. "Kwanan da kika jinkirta kuwa, wannan naki ne. Ba zan ce miki ba komai ba ne. Ki kai masa shi haka nan, don irinsa ya hau gicciye."

Ba zan ce maganar nan ta warkar da ni ba. Haushi ma na ji. Na tashi na shiga ɗaki. Amma ta zauna a cikina, ta ƙi fita.

Kwana biyu bayan haka Ummi ta kamu. Watanninta ba su kai na rigakafi ba, kuma kowa a gidan ya san daga inda ciwon ya zo, uwarta ta yi ta shiga ɗakinmu tana fita. Sista Hadiza ba ta taɓa faɗa ba. Ta kai ta asibiti da wuri, aka ba ta magani, aka ce ta kula da ita a gida tunda numfashinta lafiya, gadaje kuma sun cika. Amma bakin yarinyar ya fashe, ta ƙi kama nono. Ina jin kukanta daga ɗakina, sai in toshe kunne. Kwana uku ban leƙa ba. Ba zan iya sake ganin ƙurajen nan ba.

A rana ta huɗu da azahar na fito ɗiban ruwa a randa, sai na hangi Sista Hadiza ta labulen da iska ta ɗaga. Tana zaune a ƙasa, yarinyar a cinyarta, cokali a hannunta, kanta yana lilo don gyangyaɗi. Matar da take ba ɗaki guda na marasa lafiya umarni, ga ta nan nonon da ta tatsa a kofi yana zuba a zaninta.

Na yi sallama na shiga.

"Sista, kawo ta. Ki kwanta."

Ta dube ni da jajayen idanu. "Maman Bitrus, za ki iya?"

"Kawo ta."

Jikin Ummi kamar garwashi. Warin ciwon nan ya bugi hancina, na ji kamar in ajiye ta in gudu. Na jiƙa tsumma na shafa mata a goshi da wuya. Na ɗiga mata nono a gefen baki, ya dawo. Na sake. Inna ta shigo da mafici ta zauna tana yi mana fifita, Bitrus a bayanta. Haka muka yi ta yi, cokali bayan cokali, rabi ya shiga rabi ya zube. Can na ji leɓena yana motsi. Ba alkawari nake yi ba, ba ni da abin da zan bayar kuma. Cewa kawai nake, Yesu, ga ta. Yesu, ga ta nan.

Kwana biyar muka yi a haka, muna karɓar juna mu uku. Matar Alhaji tana aiko da abinci, Ishaya ya riƙa rage jarka biyu maimakon ɗaya. Ban san ko yarinyar za ta tashi ba, kuma a karo na farko a rayuwata na yi addu'a ban san amsar ba, ban kuma daina ba.

A rana ta shida da safe Ummi ta kama nono. Ina tsaye a wurin. Na ga kumatunta suna motsi, na ji ƙarar haɗiya. Sista Hadiza ta fashe da kuka tana cewa, "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi." Ta kamo hannuna ta riƙe gam. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma a lokaci guda wani abu ya soke ni a ƙirji. Tata ta tashi. Tawa tana ƙarƙashin ƙasa mai zafi.

Na zare hannuna na koma ɗakinmu. Na durƙusa a gaban gado, wurin da ban durƙusa ba tun mutuwar Talatu. Na ce da ƙarfi, "Na gode saboda Ummi. Ka gafarta mini kwanan da na jinkirta. Amma maganar Talatu, ban gane ba, kuma raina a ɓace yake da kai."

Na tsorata da abin da ya fito daga bakina. 'Yar mai bishara, mai koyar da yara. Na jira in ji ko rufin zai faɗo.

Ashe Inna tana bakin ƙofa, tana kwance Bitrus daga goyo. Ta miƙo mini shi, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Ci gaba, yana ji," in ji ta. "Ni shekara arba'in ke nan ina gaya masa haka a kan nawa ukun. Bai kore ni ba tukuna."